Jakara: a rufe ta da kwalta ko a mayar mata da fadamarta?

Injiniya Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun da na dawo daga Singafo, kwas aka tura mu na sati uku kan harkar magudanan ruwa. Duk wuraren da aka zaga da mu wallahi wani rafi ne ya fi tsaya min, ba benayen ba. Wurin sunansa Bishan-Ang Mo Kio, filin shan iska ne mai hekta 62 a tsakiyar unguwannin gidajen gwamnati, kogin Kallang ya ratsa ta ciki. Da can kogin nan lambatu ne na kankare miƙaƙƙe ɗoɗar, kilomita 2.7, an katange shi kada kowa ya kusanta, irin dai wanda aka koya mana a makaranta, ka tattara ruwa ka kore shi da gudu ya bar gari. A 2009 suka sa katafila ta farfasa kankaren, suka mayar da shi rafi mai lanƙwasa kilomita 3.2, suka kwantar da gaɓarsa a hankali aka shuka ciyawa da itatuwa, a 2012 aka buɗe. Ko kankaren da aka fasa ba su zubar ba, sun tara shi sun yi ɗan tudu ana hawa ana kallon rafin.

Ranar da aka kai mu da safe ne, ruwan bai kai gwiwa ba, yara na tsallakawa ta kan duwatsun da aka jera, tsofaffi na motsa jiki a ƙarƙashin itace. Bayan kwana biyu aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce sai na koma na gani da idona. Na tarar ruwa ya shanye duwatsun nan ya hau kan ciyawa ya baje, jajawur, kai ka ce fadama ce a watan Agusta. Da gari ya waye ya janye ya koma ɗan siririnsa, ma'aikata na tsince ganye da robobi. Bai shiga gidan kowa ba, don inda ya kwanta dama nasa ne, aro ake ba mutane su sha iska ranar da ba ya buƙata.

Tun a jirgi nake tunanin Jakara, rafin nan namu da ya ratsa birnin Kano. Mu namu tunanin kullum a rufe ta a ɗora titi. Shin ba za a iya mayar mata da fadamarta ba ko da a wani yanki ne, ya zama wurin shan iskar jama'a? Ina son jin ra'ayinku musamman waɗanda ke zaune a bakinta.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Injiniya barka da dawowa, amma da girmamawa Singafo fa ba Kano ba ce. Ka taɓa tsayawa a bakin Jakara da azahar a watan Afrilu kuwa? ruwan baƙi ƙirin, wari har cikin maƙogwaro, leda, jinin kwata, mushen akuya, wa zai kawo iyalinsa nan ya shimfiɗa tabarma. Ni ina goyon bayan aikin Wuju-Wuju da aka faro a zangon Kwankwaso na biyu, a rufe ta ruf a yi titi, an huta da wari, an rage gosulo, an kori masu shaye-shaye da ke laɓewa a kwarin. Matsalar kawai rashin ƙarasawa. Mu da ambaliyar Agustan 2022 ta shiga shagunanmu a Kantin Kwari mun san zafin ruwa, ni kaina dila huɗu na atamfa da shadda haka na kwance su na shanya a kan rufi na sayar da asara. Ba ciyawa muke nema ba, babban lambatu muke nema.

Injiniya Ɗan Fagge:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma ka duba abin da ya same ku ɗin, ai ba rashin kankare ba ne, an matse hanyar ruwa ne an yi gini a kanta, ya rasa wurin bi ya bi ta shaguna. Lambatu komai girmansa yana da iyakar abin da zai ɗauka, ranar da ka zuba simintin ranar ka yanke masa iyaka, shi kuwa gari kullum ƙaruwa yake. Duk wanda ya malale tsakar gidansa da siminti ko ya shimfiɗa intalok, ruwan da ƙasa za ta shanye ya koma kwata. Sannan kankare santsi gare shi, ruwa na gudu a kansa ya isa ƙasa gaba ɗaya lokaci guda, ka ceci Gwale ka jefa wa Fagge da Kwakwaci. In kuma an rufe sama, yashi da leda su taru a ciki ba mai gani sai ranar da ya toshe ya tumbatso ta cikin kwatocin gidajen mutane. A Bishan da suka fasa kankaren, ruwan da kogin ke iya ɗauka ƙaruwa ya yi da kusan kashi 40 cikin ɗari, saboda inda da faɗinsa bai wuce mita 24 ba yanzu yana iya bajewa har kusan mita 100.

Baba Na Dala:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min ina faɗa mata. Yaro Allah ya yi maka albarka, abin da ka je ƙasar waje ka gano mu mun tashi mun same shi a nan. Birnin nan cike yake da kududdufai, kowace unguwa da nata, inda aka haƙi ƙasar gina gidaje nan ruwan damina ke taruwa. In an yi ruwa da dare, da asuba za ka ga kududdufi ya cika maƙil, kwaɗi na ta kuka, lungu kuma ya bushe ka tafi masallaci. Rijiyar gidanmu gaba huɗu ce ake tarar da ruwa, ba ta ƙafewa ko da bazara. Aka bi kududdufan nan ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana yanka filaye. Na bayan gidanmu yanzu shaguna ne da gidan bene, kuma tun shekarar da aka cike shi ruwa ya fara shigo mana zaure, rijiyar kuma ta ƙafe sai burtsatse. Ita Jakara da kuke gani kwata ba haka ta samo asali ba, kurmi ne mai duhun itatuwa tun kafin musulunci ya kafu a ƙasar nan, kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a bakinta ai daga nan ta samo suna.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara girma Baba, gaskiya ne. Amma mutanen Kano na lokacinku nawa ne, na yanzu nawa ne? ba za a ce mutane su kwana a titi don kwaɗi su samu wurin kuka ba.

Baba Na Dala:
Ba don kwaɗi ba ne ɗana, don katifarka ne.

Maman Khairat:
Slm. Ni tunda aka fara nake karantawa ban so sa baki ba amma dole na yi magana don ni a bakin ruwan nake zaune, taku ashirin tsakanin ƙofar gidanmu da Jakara, shekara sha ɗaya kenan kuma haya muke. Injiniya hoton da ka zana ya yi kyau wlh har na ji ƙwalla, don yarana ba su da wurin wasa sai bakin kwatar nan, ƙwallonsu ta faɗa ciki su sa sanda su ciro su ci gaba da bugawa da ita haka. Bara waccan ruwa ya shigo mana wajen ƙarfe biyun dare, ba ruwan sama ba fa, ruwan kwata ne da ya dawo da baya ta makwararar banɗaki, na farka na ji ƙafata cikin sanyi, na ɗora yara uku kan gado na rungumi jaririya na tsaya a kan kujera har asuba, buhun masarar da muka sayo na shekara ya jiƙe ya tsiro, takardun makarantar babbar duk sun narke, warin nan ya kama bango har bayan sallah ina turare ba ya fita.

To amma tambayata ɗaya. Mita 100 ɗin nan da ka ce ruwa zai baje a ina za a samo ta? ai gidajenmu ne mita 100 ɗin. Ranar da aka ce za a yi lambu, mu za a fara shafa wa jan fenti. Mai gida ko ba komai zai karɓi diyya, mu ƴan haya sai dai a ce nan da sati biyu ku kwashe kayanku. An taɓa zuwa an auna layinmu an rubuta lambobi a bango, ba wanda ya ce mana uffan, shekara biyu muna kwana da fargaba. Ba na son a gyara wurin ya yi kyau sannan ya zama ba namu ba, a sa geti a ce sai ka biya ɗari biyar za ka shiga inda aka haifi ƴaƴanka.

Injiniya Ɗan Fagge:
Hajiya wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi kuma ba zan yi miki ƙarya ba. A Bishan sun yi sa'a filin shaƙatawar yana nan tun 1988 a gefen lambatun, ba gidan da aka rushe, katangar da ke tsakanin fili da ruwa kawai aka cire. Cikin birni wajen Kurmi inda gidaje suka manne da ruwa ba za a samu wannan faɗin ba sai an tashi dubban mutane, ni kuma ba na kira a yi haka. Inda nake hange shi ne ƙasa, daga inda ta fita cunkoso ta nufi Kwakwaci zuwa gaba inda har yanzu akwai sauran fadama da ba a gine ba, da kuma ƴan kududdufan da suka rage a sama. Waɗannan in ba a kare su yanzu ba, nan da ƴan shekaru awon igiya zai cinye su.

Ɗalibi a Seoul:
Assalamu alaikum, Yaya Injiniya bari in ƙara wani misali daga nan inda nake karatu don ya shafi maganar Alhaji ta rufewa. Akwai rafi a tsakiyar Seoul sunansa Cheonggyecheon. Bayan yaƙin Koriya talakawa suka kafa bukkoki a bakinsa ya zama kwata mai wari kamar yadda ake faɗar Jakara, sai hukuma ta yi daidai abin da Alhaji ke so, daga 1958 aka fara rufe shi da kankare, daga baya har titin sama aka ɗora masa. A 2003 magajin gari Lee Myung-bak, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2008, ya sa aka rushe titin saman aka buɗe rafin kilomita 5.8, aka gama a 2005. Wato sun biya kuɗin rufewa sun dawo sun biya na buɗewa. Yanzu da zafi za ka ga ma'aikatan ofis sun cire takalmi sun tsoma ƙafa suna cin abincin rana, in ka sauka ƙasan har sanyin iskar daban yake da na kan titi.

Amma fa abu biyu. Ruwan da ke gudu a ciki ba nasa ba ne, da injin ake turo shi daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin tashoshin jirgin ƙasa, kusan tan 120,000 kullum, mu da wutar gida ma ke gagararmu ba za mu kwaikwayi wannan ba. Kuma ba fadama ba ce, bango ne tsaye hagu da dama, in hadari ya taso rufe matakalar ake yi a fitar da kowa. Na biyu kuma shi ne tsoron Maman Khairat, ƴan tireda da masu ƙananan shaguna na wurin an tashe su, masu kasa kaya aka fara zuba su a wani tsohon filin wasa, masu shaguna aka gina musu kasuwa can nesa da cinikinsu, da yawa ba su farfaɗo ba.

Ɗan Kwari:
To ka ji. Ko a can ɗan kasuwa ne ya sha wuya.

Malamar Asibiti:
Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana don abin da nake gani kullum kenan. Duk damina layin yara masu amai da gudawa daga unguwannin bakin ruwan nan yake fitowa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi, yaro ya zo yana fitsarin jini uwar ta ɗauka balaga ce. Baba ya faɗi alherin kududdufi kuma gaskiya ne amma kar mu manta duk shekara sai kududdufi ya ci yara. In aka ce a bar ruwa ya baje a kan ciyawar da yara za su yi birgima gobe, wane ruwa ne zai baje? in wannan baƙin ne to kwalara muka shimfiɗa musu. Injiniya yaya su suka yi da sauro da kuma nutsewa?

Injiniya Ɗan Fagge:
Anti kin taɓo inda gizo ke saƙa. Sauro kwantaccen ruwa yake so, na gwangwani da tsohuwar taya da kwatar da ta toshe, ruwan da ke tafiya kuma da kifi a ciki ba ya yi masa daɗi, ita fadamar kuma an yi mata gangare yadda in ruwa ya janye ba ya barin tabkuna. Nutsewa kuma sun kafa na'urar da ke auna hawan ruwa, da ya fara hawa jiniya za ta yi kuka, fitilu su kama walƙiya, lasifika ta ce kowa ya haura bayan jajayen alamomin da aka kafa. Saboda gaɓar a kwance take, ruwan a hankali yake hawa, yaro zai iya takawa ya fita, ba kamar lambatu mai bango tsaye ba da in ka zame shikenan. Gaɓar ma ba siminti ke riƙe da ita ba, duwatsu ne a cikin ragar waya, da itace, da saiwar tsirrai, mu nan jema da gamba za su yi wannan aikin, manoma sun san yadda jema ke riƙe ƙasa.

Amma maganar baƙin ruwa ba ni da ja. Abin da ba a faɗa in ana nuna hotunan nan shi ne Singafo ta yi shekara goma cur, 1977 zuwa 1987 zamanin Lee Kuan Yew, tana wanke kogunanta. Aka tashi gonakin aladu, aka mayar da masu sayar da abinci a titi cikin rumfunan da ke da famfo da magudana, aka haɗa gidaje da bututun bahaya. Yau a can hanyar ruwan sama daban, hanyar ruwan banɗaki daban, ba sa haɗuwa. Sai bayan shekara ashirin da wannan aka zo maganar lambu, har karnukan ruwa suka dawo kogin da kansu. Mu kuwa kwata ɗaya ce ke ɗaukar komai, wanka, wanki, sokawe, rini, jinin mayanka, gaba kuma rafin Getsi ya kawo nasa na masana'antun Bompai su haɗu su tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Sai an bi gefen rafin da wata magudana ta daban da za ta tare kwatocin unguwa kafin su zuba, ta kai su tafkunan tacewa a wajen gari. In ba a yi wannan ba ni ma ba zan kai ɗana ba.

Mai Lambu:
Sannunku. Ni ɗan manomin lambu ne a Kwakwaci, kakana ma a nan ya yi, kuma duk maganar nan da kuke ta fadama fadama ba wanda ya ce akwai mutane a cikinta. Latas da kabeji da alayyahu da karas da kuke saya da rani a Yankaba da bakin titi wani kaso daga nan yake. Injiniya ka ce a tare ruwan kwata kar ya shiga rafi, to ka san da rani Jakara ba ta da wani ruwa sai shi? daga Nuwamba zuwa Afrilu da ƙyar ɗigo ke sauka daga sama, abin da ke gudu a ciki ruwan gidajen mutane ne, shi muke ja da inji mu ba shuka. Ka tare shi rafi ya bushe ƙaƙas, mu mun tashi, ciyawar taka ma ta mutu. Mun san ruwan ba kyau, ƙafar babana duk ta tsattsage, ranar da masu rini suka sako nasu har kala yake canzawa mu kashe inji mu jira ya wuce. Ba don muna so ba ne, babu wani ne.

Injiniya Ɗan Fagge:
Wallahi ɗan'uwa ka gyara min tunani. Singafo ruwa take samu kusan kowane wata, sama da milimita 2,000 a shekara, mu namu bai kai rabin haka ba mafi yawan shekaru kuma cikin wata huɗu yake zubowa gaba ɗaya. Ke nan kore shar ɗin nan na shekara zagaye ba namu ba ne, in muka nace sai shi za mu ƙare da tankar ruwa tana ban ruwan ciyawa wata biyu a daina. Namu sai dai ya zama fadama irin tamu, da damina ruwa ya kwanta, da rani ta zama filin ƙwallo da inuwar giginya da giyayya da ɗinya, itatuwan da suka saba da wata huɗu a ruwa wata takwas a fari. Ruwan da aka tare kuma in ya fito daga tafkin tacewa ku za a fara ba, lambunan su zama cikin tsarin ba abin da za a kora ba. Ni a ganina ma masu lambu su ne masu gadin da ba sai an biya ba, don mai kabeji ba zai bari a juye masa tifar shara a gefe ba.

Mai Lambu:
In haka ne da sauƙi. Amma a rubuta, don baki ba ya riƙe gona.

Ɗan Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa na Kano, ina biye da ku daga Yamai. Mu ma muna da irin wanga, Gunti Yena, kwari ne da ya raba birni biyu ya tahi ya zuba ga kogin Isa, wato kogin Neja. Cikinai akwai masu garka da masu saida itatuwan dashe, akwai kuma shara da ruwan ƙazanta kamar dai taku. Abin da ni gani shi ne inda masu garka suke wurin ya tsira, inda babu su an cike an yi gini. A 2020 da kogi ya cika ya fasa bangon kariya ya shiga Lamorde da sauran unguwannin ƙetare, mutane sun gane wurin da ruwa ya saba kwana ba a gardama da shi. Ku riƙe masu lambunku da kyau.

Ɗan Kwari:
Na ji duk bayanan kuma na yarda rufewa ba ita ce ƙarshen magana ba, amma har yanzu cikin birni ni dai titi nake so, ba yadda za a yi da wajen Kurmi. Tsorona na ƙasan da kuke magana. Mu ƴan kasuwa mun san halin garin nan, duk filin da aka share aka ce na jama'a ne to an yi wa masu yanka shaguna shara ne. Filayen makarantu nawa aka zagaye da shaguna, har jikin badala da maƙabarta ba a bari ba. Yau ka ce lambu, gwamnati ta canza, gobe ka ga an kafa fulot an ce na wucin gadi ne, jibi bene hawa uku a tsakiyar hanyar ruwa, mu koma gidan jiya har ma ya fi muni don yanzu mutane sun saki jiki.

Baba Na Dala:
Wannan tsoro na gaskiya ne. Shawarata in za a yi, kada a bar shi filin gwamnati kawai, a yi shi waƙafi. A tara masu unguwanni da limamai da masu lambu, a auna a kafa duwatsun iyaka a gabansu, a rubuta a kai kotu a kai fada, a karanta a masallatan Juma'a na yankin cewa wannan wuri na ruwa ne da jama'a har abada. Mutumin da ba ya tsoron takardar ofis yana jin nauyin a ce ya ci waƙafi, ko shi bai ji ba maƙwabta za su ji masa. Kuma itatuwan a raba wa gidaje, kowane gida da nasa da zai shayar har ya kama.

Malamar Asibiti:
Baba wannan shawara ta yi. Ni zan ƙara da banɗakunan jama'a masu kyau da fitilu masu sola tun ranar farko, in ba haka ba wata uku ya koma wurin bahaya da maɓoyar ƴan shaye-shaye, mata kuma ba za su taka ba. A ware wa mata da yara ɓangarensu da rumfa.

Maman Khairat:
Kuma ba geti ba tikiti don Allah. Injiniya har yanzu ba ka ce komai ba kan mu da muke sama inda ka ce ba faɗi. Mu haka za mu ci gaba da hawa kujera?

Injiniya Ɗan Fagge:
Hajiya ba na so in yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Abin da na sani a aikina shi ne ruwan da ke dawo muku ta banɗaki alama ce gaba ta cika ko ta toshe, in ƙasa ta samu wurin bajewa, aka yashe tsakiya kafin damina, aka bar kududdufan sama suna riƙe nasu, tsayin da yake kaiwa a layinku zai ragu. Zai ragu ne, ban ce zai daina ba. Gidajen da ke kan bakin ruwan sosai kuwa wata rana dole a yi maganar tashinsu, kuma ranar ya kamata a ƙirga ɗan haya a matsayin mutum, da kuɗin kama wani wuri da wa'adi mai tsawo, ba mai takardar gida kaɗai ba.

Ga abin da nake roƙo yanzu, don ba wanda zai saurare mu da hoton Singafo. Duk wanda ke bakin Jakara daga sama har Kwakwaci, ya duba bangonsa, ruwa yana barin zane inda ya tsaya. A sa tef ko sanda a auna daga ƙasa, a ɗauki hoto, a rubuta unguwa da shekarar, ba sai da sunan mai gida ba. Haka duk kududdufin da ya rage ko wanda ake cikewa yanzu. Ni zan jera su a taswira in kawo nan mu gani tare kafin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Mai Lambu:
Zan zaga da babur ranar Juma'a bayan masallaci in ɗauko na ɓangarenmu, akwai wuri biyu da tifa ke juye ƙasa tun watan jiya.

Maman Khairat:
Namu zanen yana nan ban shafe ba, ya wuce gindin taga da kamar tafin hannu. Ba ni da tef amma telan layinmu na da shi, in yara sun dawo islamiyya zan aika a aro in auna in turo.